Madarar Masu Feshi

Manniru manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye a bayan Tsafe. Bai taɓa sha'awar birni ba. Da 'yan bindiga ba su raba mutanen garinsu da gonakinsu ba, da har yanzu yana can yana noman gero da wake, yana rigimar iyaka da ɗan baffansa. Shekarar da aka yi shuka aka kasa zuwa girbi, ya ɗauko matarsa Iyatu da 'yarsu Muhibba, suka hau bayan motar albasa, suka sauka a Abuja. Cikin 'ya'ya uku Muhibba ce ta rage musu, ita ma da kaɗan ta fi babu. Ƙyanda ta tsotse ta, yunwa ta ƙarasa: ga kai, ga ciki, ƙafafu kamar sillen kara, gashi ya yi ja. Ta isa tafiya amma ba ta tafiya.

Ya fara da dako a kasuwar Wuse, bai iya ba. Bai san lungunan kasuwar ba, ba ya jin Turanci, motocin haya masu kore da fari kuwa kullum sai sun kusa kwashe shi. A nan wani ɗan kwangilar leburori ya gan shi yana sauke kwandunan tattasai, ya ce masa akwai aikin gona a bayan Kuje, har da wurin kwana. Da Manniru ya ji an ce gona, ko sharaɗi bai tambaya ba.

Ba irin gonar da ya sani ba ce. Katanga ce zagaye da waya a kanta, a ciki dogayen rumfunan leda a jere, inda tattasai da kokwamba suke yi rani da damina. Mai gonar wani Alhaji ne, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, yana zaune a cikin gari, sai ya ga dama yake leƙowa. Manaja shi ne Oga Elvis. Mutanen gonar kuwa iri biyu ne, akwai sitaf, akwai 'yan kullum. Sitaf su ne masu kati a wuya da dogon takalmin roba, in ɗayansu ya yi ciwo motar gona ce take kai shi asibiti. 'Yan kullum duk mutanen Zamfara ne da Katsina da Sakkwato. Ɗakunansu na kwano suna bayan katanga, kusa da inda ake zubar da ruɓaɓɓen kaya. Kowace safiya sai an laluba su a ƙofa, a zuba wayoyinsu a bokiti, don Alhaji ya ce a cikinsu ne masu satar mutane suke samun 'yan rahoto. Shi ma ɗan Arewa ne. Cewa yake yi ai shi ya san halin mutanensa.

Ɗan kullum ba ya zama sitaf. Akwai wani Lawal, Bakatsine, da shi aka ɗora bulon katangar, har lokacin ana laluba shi a ƙofa.

Ranar farko Oga Elvis ya yafito shi da yatsa.

"Aboki, zo nan. Kai ne sabon Zamfara?"

"Sunana Manniru, ranka shi daɗe."

"Duk ɗaya ne. Ka iya feshi?"

Ya iya. A gida ma yana goya injin feshi a baya ya bi kunya-kunya, amma a fili, iska tana kaɗawa. Nan kuwa cikin leda ne, a rufe ruf, ga zafi kamar tanda, maganin ya tsaya a iska kamar tururi, mutum ya shaƙa ya sake shaƙa. Sitaf ba sa shiga rumfa ranar feshi. Aikin 'yan kullum ne. Akwai takunkumi da safar hannu a sito, cikin kwali, ana fito da su ranar da baƙi za su zo ɗaukar hoto. Da wani ya taɓa tambaya, Oga Elvis dariya ya yi ya ce, "Ku jikinku ƙarfe ne. Kun saba da wahala."

Abin da ake ba mai feshi shi ne madara. In ya gama ya wanke hannu, sai ya je tagar sito a miƙo masa ƙaramin gwangwani ɗaya. Ba wanda ya san wanda ya fara kawo zancen, amma daga manaja har mai gadi kowa a gonar ya yarda madara tana wanke dafin magani daga ƙirji, in dai an sha ta nan take. Ƙarya ce. Madara ba ta wanke komai ban da yunwa. Amma ta fi takunkumi sauƙin saye, kuma masu feshin da kansu sun fi son ta.

Mai sito wata mata ce, Serah, daga wajen Akwanga, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Kindness. Hausa a bakinta kamar a Kano aka haife ta. Dokar sito ita ce ta huda gwangwani da ƙusa kafin ta miƙa, don kada a kai kasuwa. Ranar da Manniru ya karɓi nasa na farko, ya tsaya yana kallonsa. Sai ya toshe hudar da babban yatsa, ya bi bayan katanga yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Iyatu ta dama kunu, ta tsiyaya madarar a ciki. Yarinyar da ake fama da ita ta karɓi cokali biyu, ranar ta shanye ƙoƙon tas, ta lashe gefe, ta ɗaga ido tana neman ƙari.

"To kai fa?" in ji Iyatu. "Ba cewa suka yi maganin dafi ce ba?"

"Jiƙa mini tsamiya. Ita ma tana wanke ciki."

"Malam, ciki daban, ƙirji daban."

"Ke likita ce? Jiƙa mini."

Daga ranar bai sake ɗanɗana madarar gonar ba. Har ya shiga neman feshi. Wanda kansa yake ciwo, wanda ya gaji, Manniru ya karɓi injinsa ya shiga a madadinsa, don gwangwanin. 'Yan'uwansa suka sa masa suna Sarkin Feshi. Lawal ne kaɗai yake masa faɗa. Shi Lawal a bakin taga yake ɗaga nasa ya shanye, ya buga gindin gwangwanin don kada ɗigo ya rage.

"Kai mutumin Tsafe, wasa kake da ranka. Wannan abin ba shayi ba ne, garkuwa ce."

"Allah ne garkuwa."

"Allah ne ya ce ka sha."

Serah ba makauniya ba ce. Wata rana ta riƙe gwangwanin ba ta saki ba, ta ce, "Malam, ina kake kaiwa?" Ya gaya mata. Da yamma ta zaga bayan katanga, wurin da sitaf ba sa takawa, ta ga yarinyar. Kashegari ta miƙo masa nasa ba huda, haka kuma ta ci gaba. Tun daga nan take kiransa Baban Muhibba, shi kuma ya daina ce mata Madam, ya koma Maman Kindness.

Muhibba ta yi kumari. Gashin ya yi baƙi, kumatu suka fito. Wata safiya ta kama ƙofar kwano ta miƙe, ta saki, ta tako har inda uban yake alwala ta faɗa a bayansa. Iyatu ta yi guɗa ita kaɗai a bayan juji. Manniru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin nan bai tafi ba. Da farko da safe ne kawai, daga baya ya zama abokin zama. Farcensa suka yi baƙi suna ɓantarewa. Fatar bayansa, inda injin yake yoyo, ta saɓule ta warke ta sake saɓulewa. Mutumin da yake ɗaukar buhu ya haura da shi mota ya koma in ya yi sujada sai ya dafa ƙasa ya huta kafin ya ɗago. Ya ƙara yawan tsamiya, ya haɗa da kanwa. A damina ta biyu, da rana tsaka, aka ga injin feshi yana ta zuba a bakin rumfa ba mai riƙe da shi. Lawal ne ya jawo Manniru waje ta ƙafa, bakinsa yana kumfa.

Motar gona tana tsaye a ƙofar ofis. Serah ta roƙi Oga Elvis a sa shi a ciki.

"Shi ba sitaf ba ne. In na kai shi, gobe duk Zamfara za su faɗi. Ku ba shi madara."

A kan babur aka kai shi, Lawal yana riƙe da shi ta baya, Serah tana bin su a wani. A asibitin gwamnati aka sa masa iska ya farfaɗo. Likita ya ɗauki hoton ƙirji, ya yi wa Serah bayani da Turanci, ita ta juya masa da Hausa. Huhun ya ƙone, ya yi tabo. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, amma in ana zuwa asibiti a kai a kai, ana shan magani, ana samun iskar kwalba in numfashi ya ƙi, zai iya ganin girman 'yarsa. In babu, to babu. Irin wannan jinyar ba ta ɗan kullum ba ce, sai dai in gona ta ɗauka.

Manniru ya saurara, ya ce a hankali, "Da na sha madarar."

"Na tambaye shi wannan," in ji Serah. "Ya ce ko saniya guda ka shanye, haka za ka zama. Takunkumi ne maganin."

Ya dube ta da tausayi. A ransa ya san dalilinta: ita ce ta daina huda gwangwani, abin yana cin ta, tana so ta sanyaya masa zuciya ta sanyaya tata. Likitan kuma yaro ne, ko gemu bai ajiye ba, bai taɓa goya injin feshi ba. Ga Lawal nan tsaye a kansa garau, wanda ya riga shi fara feshi da shekaru. Me ya bambanta su in ba madara ba?

Serah ba ta tsaya nan ba. A cocinsu akwai wata lauya, Barista Juliet, tana aiki da wata ƙungiya mai bin haƙƙin leburori. Ta zo har ɗakin kwanon, ta zauna a kan jarka, ta ce doka ba ta san wani ɗan kullum ba: duk wanda ya samu rauni a bakin aiki, jinyarsa tana wuyan mai aikin. Ta ce masu irin wannan gonar ba sa son kotu, ba sa son 'yan jarida, in aka zauna da Alhaji zai ɗauki jinyar a rufe maganar. Hausarta guntuwa ce, Serah ce take cike mata.

Serah ta ce, "Abu uku za ka faɗa, Baban Muhibba. Ka yi feshi. Ba a ba ka takunkumi ba. Ka faɗi a cikin rumfa. Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu. Amma in anka tambaye ni madara hwa?"

"Ba ruwan madara a wannan magana."

Iyatu, da ba ta saba sa baki a gaban baƙi ba, ta ce daga bayan labule, "Malam, don Allah ka faɗi ukun nan ka yi shiru."

Aka zauna da hantsi a barandar ofis. Alhaji ya zo da kansa, farar shadda, carbi a hannu. Barista ta fara da Turanci, tana nuna hoton ƙirji, Oga Elvis yana ta goge gumi. Alhaji ya bar ta ta gama. Ya sa aka kawo kujera mai taushi, ya juya ya fuskanci marar lafiyar.

"Malam Manniru, sannu da jiki. Ya iyali? Ya ɗiyar taka, an ce ta samu ƙafa?"

Tun da Manniru ya shigo gonar, ba wani babba da ya taɓa kiran sunansa. Ya zame daga kujerar zai durƙusa, Alhaji ya ce a'a, ya zauna.

"Ni da kai Musulmi ne, ba sai an yi mana tafinta ba. Gobe ƙiyama ba lauya. Tambaya ɗaya zan yi maka, tsakaninka da Allah. Duk ranar da ka yi feshi a gonar nan, an ba ka madara ko an hana ka?"

"An ba ni, ranka shi daɗe."

"Ko sau ɗaya an hana ka?"

"Ba a taɓa ba."

"Ka sha?"

Serah ta yi saurin raɗa wa Barista abin da ake faɗa. Barista ta miƙe tana cewa madara ba kariya ba ce, likita ya faɗa, a kawo kwalin takunkumin da ke sito a gani. Alhaji ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana kan Manniru, yana jan carbinsa.

"Ban sha ba."

"To. Ga Lawal can, ku kira shi. Lawal, kana shan taka?"

"Ina sha, Alhaji."

"Kun gan shi. Malam Manniru, ni ban ce ka yi laifi ba, uba ne kai, kowa zai yi wa ɗansa. Amma a ce ni na cuce ka? In ka yarda na cuce ka, faɗi a gaban mutanen nan, yanzu in ɗauki jinyarka har ƙarshen rayuwarka. Sai dai ka san abin da za ka ci."

Numfashin Manniru yana fita kamar ana zuga zugazugi. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa. Ya dubi Serah, ta gyaɗa masa kai da ƙarfi. Ya tuna ubansa, wanda ya taɓa mayar da damin gero guda har ƙauye na gaba don an ɗora masa shi bisa kuskure. Shi Manniru an raba shi da gona, an raba shi da 'ya'ya biyu, an raba shi da ƙirji. Abin da ya rage masa shi ne bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

"Ba ka cuce ni ba, Alhaji. An ba ni magani, ni na ƙi sha. A bar maganar."

"Baban Muhibba!" in ji Serah.

"A bar ta, Maman Kindness. Ban iya ɗaukar wuta da hannuna."

Barista ta yi ta magana, ta bi shi har bayan katanga, ta dawo wani makon ta sake dawowa. Ya gode mata, ya ce a ba ta ruwa, bai canja ba. Shari'a kuwa ba ta tafiya ba mai ƙara. Sauran masu feshi da ta nema, kowa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, yana shan madararsa.

Alhaji ya sa aka ba shi buhun shinkafa da katan ɗin madara, sadaka. Ɗakin kwano kuwa na masu aiki ne, aka ce ya ba da wuri. Serah aka sallame ta saboda gwangwanayen da ba ta huda ba. Ta koma wajen 'yar'uwarta a Apo tana sayar wa makanikai abinci. A gonar aka kafa sabuwar doka: mai feshi zai shanye madararsa a bakin taga, a gaban mai sito, ya ajiye gwangwanin. Kwalin takunkumi yana nan inda yake.

Suka koma wata unguwar bacoci, ɗakunan kwano da katako, a bayan masana'antun Idu, kusa da layin dogo. Iyatu tana wanke-wanke a wurin wata mai tuwo. Manniru yana zama a bakin ƙofa a kan tabarma, ya jingina da kwano, don in ya kwanta numfashi ba ya zuwa. Masallacin unguwar ana hango shi daga inda yake, amma ya fi ƙarfinsa. Ba shi da ɗaci a baki. Duk saurayin da ya sauko daga Arewa ya ce zai nemi aikin gona, Manniru yakan kira shi ya zaunar da shi, ya yi masa nasiha guda: in an ba ka madara, ka sha, kada ka kai wa kowa. Muhibba kuwa ta zama ƙatuwar yarinya mai ƙiriniya, tana tsere da yaran unguwa in jirgi zai wuce, ba mai cewa ta taɓa kwanciya.

Bayan sallar layya Lawal ya zo gaishe shi. Tun daga nesa Manniru ya ga tafiyar ba ta Lawal ba ce. Yana taku kaɗan ya tsaya, ya dafa bango, kamar mai duba wani abu a ƙasa. Da ya iso ya zauna, gaisuwar ma ba ta ƙare ba tari ya kama shi, irin mai fitowa daga can ƙasa, busasshe. Manniru ya san tarin nan kamar yadda ya san muryar 'yarsa. Ya dubi hannun baƙon. Farcen sun yi baƙi.

"Sun sallame ni," in ji Lawal. "Wai na yi nauyi."

Manniru ya girgiza kai, ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya kama abokinsa.

"Kai mai yi mini wa'azi. Ashe kai ma kana da wadda kake kai mawa."

"Wa nake da shi? Matata tana Funtuwa, ba mu da ɗa. Ni ka sani, a bakin taga nake sha."

"Ko sau ɗaya ba ka tsallake ba? Da azumi hwa?"

"Da azumi Oga yana mayar da feshi yamma, in sha ruwa da ita. Wallahi ko ɗigo ban taɓa bari ba."

Manniru ya daɗe yana kallon farcen Lawal, sannan ya dubi nasa. Jirgin Kaduna ya taso, yara suka kwasa da gudu suna ihu, Muhibba a gaba. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, iskar ba ta isa ba. Iyatu ta fito da ruwa a kofi ta tarar da su haka, maza biyu a jingine da kwano, kowa yana jan numfashinsa.

"Malam, lafiya?"

"Samarin nan da na yi wa nasiha," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Su nawa ne, Iyatu?"

Ba ta sani ba. Ba wanda ya riƙe sunayensu.

Manniru bai kai ƙarshen daminar shekarar ba. Serah ta zo daga Apo da kular abinci ta zauna da Iyatu har aka share makoki. Lawal bai samu zuwa jana'iza ba, maƙabartar ta yi masa nisa.